RAJISTAR UMARNI: YADDA A KE NEMO ABIN DA AKA RIGA AKA BUGA A KWAMFUTA

Duk akawun da ya daɗe a ofis ya san darajar rajista. In aka ce masa ya rubuta wasiƙa irin wadda aka aika watanni shida da suka wuce, sai ya jawo fayil, ya duba ta dā, ya sake suna da kwanan wata, shi ke nan ya gama. Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin akawuna da malaman makaranta da su ke aiki da kwamfuta ta hanyar buga umarni sun bar wannan dabara a bakin ƙofa. Mutum ya kan zauna yana ta buga dogon umarnin da ya buga jiya, ya buga shekaranjiya, harafi bayan harafi, yana kuskure yana gogewa, alhali kuwa injin ya rubuta masa shi tuni a cikin wata rajista, yana jira kawai a tambaye shi.

Saboda waɗanda ba su saba ba, bari mu fara daga tushe. Hanya biyu ce a ke sa kwamfuta aiki. Ɗaya ita ce a nuna ƙananan hotuna da linzami a latsa. Ɗayar kuwa a buɗe wata taga, galibi baƙa, a rubuta umarni da kalmomi, a danna maɓallin Enter. Manhajar da ke karɓar umarnin nan ta miƙa wa injin ana ce da ita shel, watau ɓawo a bakin Turawa, domin ita ce ta lulluɓe ƙwayar da ke ciki. Aikin shel aikin tafinta ne tsakanin mutum da inji. Wanda ya fi yaɗuwa cikinsu sunansa bash, shi ne a ke tarar wa a yawancin kwamfutocin da ke aiki da Linux, kuma a kansa maganarmu za ta fi tsayawa.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a ɗakin bincike na Bell, a jihar New Jersey ta Amurka. A lokacin nan mutane da yawa suna magana da kwamfuta ne ta wani inji mai kama da tafireta, wanda ke buga tambaya da amsa bisa doguwar takarda. Wanda ya so ya tuna abin da ya yi da safe sai ya warware takardar ya duba. Shel ɗin da Stephen Bourne ya rubuta, wanda ya fito a 1979, ba ya riƙe komai a ransa: umarni in ya wuce ya wuce.

Wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, Bill Joy, shi ne ya rubuta shel mai suna csh wajen ƙarshen shekarun 1970, ya sa masa rajistar umarni, ya kuma zaɓi alamar motsin rai, watau !, ta zama abin kiran tsohon umarni. David Korn ya fito da nasa shel ɗin, ksh, a 1983, wanda a cikinsa mutum ya ke iya jawo tsohon layi ya gyara shi a inda ya ke. Sa'an nan Brian Fox ya fitar da bash a 1989 a ƙarƙashin shirin GNU, ya tattara dabarun biyu wuri guda. Dalilin da ya sa ke nan a yau a ke samun hanya uku ko huɗu na yin abu ɗaya. Gādo ne ya taru daga gidaje daban daban.

Kibiya da lamba

Abin da kowa ya sani shi ne maɓallin kibiya mai duban sama. An danna sau ɗaya, umarnin da ya gabata ya dawo. Sau biyu, wanda ya riga shi. Wannan ya isa in abin da a ke nema yana kusa. Amma sau da yawa a kan ga malami ya danna kibiyar nan sau arba'in yana zare ido, har ya wuce abin da ya ke nema bai sani ba. Lokacin da ya ɓata ya fi na sake bugawa.

Mataki na gaba shi ne a buɗe rajistar kanta. In aka buga history, shel zai jero dukan abin da ya riƙe, kowane layi da lambarsa. In aka buga history 20, ashirin na ƙarshe kaɗai zai nuna. In kuwa ana neman wata kalma ce, sai a tace jerin:

history | grep rsync

Wannan zai fito da duk layin da ke da kalmar rsync a ciki. Aka ga wanda a ke so yana da lamba 412, sai a buga !412, ya sake gudana. Amma fa kada a haddace lambar a ce gobe ma ita ce. Rajistar tana da iyaka, kuma sa'ad da aka yanke tsofaffin layuka daga sama, lambobin sauran su kan sāke a sabon zama.

Neman da ya fi kowanne

In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya tak daga cikin wannan bayani mu koya wa kowane akawu, to, Ctrl da R za mu zaɓa. A riƙe maɓallin Ctrl a danna R, sa'an nan a fara buga kowane yanki na umarnin da a ke tunawa. Ba lalle sai farkonsa ba. Ko sunan fayil ne da ke tsakiyarsa, ya isa. Da an buga harafi ɗaya shel ya fara nema daga na baya bayan nan zuwa na dā, kuma kowane harafi da aka ƙara yana daɗa tsananta neman.

Alal misali, malamin da ke riƙe da sakamakon jarrabawa ya saba kwafe shi zuwa wani faifan ajiya kowace Juma'a da wannan umarni:

rsync -av ~/sakamako/ /media/malam/faifai/sakamako/

Layin nan yana da haruffa wajen hamsin, kuma kuskuren alama ɗaya a cikinsa ya isa ya kai kwafin inda ba a nufa ba. Da Ctrl da R, sai ya buga faif, haruffa huɗu, layin duka ya bayyana kamar yadda ya yi aiki a makon jiya. Ribar a nan biyu ce: an rage wahalar yatsu, an kuma tabbata abin da aka jarraba ya yi daidai shi aka maimaita. Mu a ganinmu ta biyun ta fi ta farin nauyi.

Akwai 'yan ƙa'idodi da ya kamata a riƙe. In layin da ya fito ba shi ne a ke nema ba, a sake danna Ctrl da R, zai tsallaka zuwa wanda ya fi shi tsufa mai ɗauke da haruffan nan. In shi ne, kuma ba ya bukatar gyara, a danna Enter. In yana bukatar gyara, a danna kibiyar hagu ko ta dama, neman zai tsaya, layin ya zauna a gaban mutum ya gyara abin da ya ke so. In an fasa gaba ɗaya, Ctrl da G zai mai da mutum inda ya taso. Wani abu kuma da ba safai a ke saninsa ba: in aikin na layi uku ne ko huɗu a jere, a nemo na farkon, maimakon Enter a danna Ctrl da O. Shel zai gudanar da shi, ya kuma ajiye wanda ya biyo bayansa a rajista yana jira. Haka za a yi ta bi har a gama aikin yadda aka yi shi ran nan.

To, in mutum ya yi garaje ya wuce layin da ya ke nema fa? Bisa ƙa'ida Ctrl da S shi ne mai nema ta gaba. Amma da yawa in suka danna shi sai su ga taga ta sandare, ba ta karɓar komai, har su zaci injin ya lalace. Bai lalace ba. Wannan ma gādo ne daga injunan buga takarda irin Teletype samfurin 33 na shekarar 1963, inda Ctrl da S ke nufin "dakata", Ctrl da Q kuma "ci gaba". Injunan sun tafi, al'adar ta zauna. Wanda tagarsa ta sandare ya danna Ctrl da Q za ta farfaɗo. Wanda kuma ya ke so Ctrl da S ya yi masa aikin nema, sai ya sa layin stty -ixon a cikin fayil ɗin .bashrc, watau fayil ɗin da bash ke karantawa duk sa'ad da aka buɗe sabuwar taga.

Masu son kibiya ma ba a bar su a baya ba. In aka rubuta waɗannan layuka biyu a cikin fayil mai suna .inputrc,

"\e[A": history-search-backward
"\e[B": history-search-forward

to, kibiyar za ta yi wayo. An buga rs aka danna ta sama, ba za ta kawo komai ba sai layukan da suka fara da rs.

Alamar motsin rai, amfaninta da haɗarinta

Yanzu mu koma ga gādon Bill Joy. Alama biyu a jere, !!, na nufin umarnin da ya wuce yanzu yanzu. Inda a ka fi morarsa shi ne sa'ad da injin ya ƙi umarni domin yana bukatar izinin shugaba: sai a buga sudo !!, ba sai an sake komai ba. !-2 na nufin na biyu daga ƙarshe. !$ na nufin kalmar ƙarshe ta umarnin da ya wuce, saboda haka wanda ya buga mkdir jarrabawa, in ya bi shi da cd !$ ya shiga sabuwar jakar ke nan. Maɓallin Alt tare da ɗigo yana yin wannan aiki, har ya fi, gama yana nuna kalmar a fili, kuma in aka ci gaba da dannawa zai riƙa jawo kalmomin ƙarshe na layukan da suka gabata ɗaya bayan ɗaya. Inda Alt ya ƙi, a danna Esc a saki, sa'an nan ɗigo.

Gyaran kuskure ma da sauƙi. Wanda ya buga 2023 alhali 2024 ya ke nufi, sai ya buga ^2023^2024, shel ya musanya ya sake gudanarwa. Sai dai na farko kaɗai ya ke musanyawa a layin. In shekarar ta fito sau biyu, !!:gs/2023/2024/ shi ne zai canza duka.

Amma a nan ne ya wajaba mu ja kunne. Akwai wata hanya ta buga alamar tare da farkon kalma, kamar !r, wadda ke nufin "sake gudanar da umarni na baya bayan nan da ya fara da r". Mu ɗauka malaminmu na ɗazu ya saba da ita, kullum !r na kawo masa rsync. Ran nan da safe yana cikin wata jaka ta tarkace, ya buga rm *.txt domin ya share su. Da la'asar ya shiga jakar sakamako, ya buga !r bisa sabo. Umarni na baya bayan nan da ya fara da r yanzu shi ne rm, kuma shel ba zai tambaye shi ba, zai share duk fayil mai ƙarewa da .txt a jakar da ya ke tsaye. Shi kuwa rm ba shi da kwandon shara da za a koma a tsinto. Aikin zango guda na iya tafiya kafin ƙiftawar ido, kuma tafiyar ta zo daidai lokacin da a ke shirin yin kwafin ajiya.

Maganin abin iri biyu ne. Na farko, a ƙara :p a ƙarshe, kamar !r:p, shel zai nuna layin kawai ba tare da ya gudanar ba. In ya yi, a danna kibiyar sama da Enter. Na biyu, wanda mu ka fi so domin ba ya dogara ga tunawar mutum, a sa wannan a cikin .bashrc:

shopt -s histverify

Daga nan duk abin da aka kira da alamar motsin rai zai fara bayyana a layi, sai an duba an sake danna Enter kafin ya gudana. Danna maɓalli ɗaya ne ya ƙaru. Muna ganin bai kamata a bar sabon akawu ya koyi alamar nan ba sai an sa masa wannan layi tukuna.

Kula da rajistar kanta

Duk dabarun nan ba su da amfani in abin da a ke nema ya riga ya fita daga rajista. Bash in ba a gaya masa komai ba layi 500 ya ke riƙewa. A Debian da Ubuntu an ɗan ƙara, ana tarar da 1000 a cikin zama, 2000 a cikin fayil. Ga mai aiki kullum wannan bai wuce na 'yan makonni ba, alhali umarnin da ya fi wuyar tunawa shi ne wanda a ke bukata sau ɗaya a shekara, lokacin haɗa sakamako ko rufe lissafi. Ba mu ga dalilin wannan rowa ba a yau. Layi 100,000, in kowanne yana da haruffa 40, bai wuce megabayit 4 ba, abin da hoto ɗaya na wayar hannu ke iya cinyewa. Saboda haka a rubuta:

HISTSIZE=100000
HISTFILESIZE=200000

A nan akwai wani rami. In .bashrc ya riga ya ƙunshi waɗannan sunaye da ƙananan lambobi, to, a gyara su a inda su ke, kada a ƙara sababbi a ƙasa a bar na dā. Dalili kuwa, da zarar bash ya karanta HISTFILESIZE=2000 ya ke datse fayil ɗin nan take, kafin ya kai ga babbar lambar da ke ƙasa.

Abu na biyu ya fi shafar mu da ke zaune inda wutar lantarki ba ta da alkawari. Bash yana riƙe umarnin zama a ƙwaƙwalwarsa ne, ba ya zuba su a fayil ɗin .bash_history sai an rufe taga. In wuta ta ɗauke kafin nan, rajistar yinin duka ta tafi. Haka kuma mai buɗe taga biyu ko uku zai ga ɗaya ba ta san abin da aka buga a ɗayar ba. Waɗannan layuka biyu su ne magani:

shopt -s histappend
PROMPT_COMMAND="history -a; $PROMPT_COMMAND"

Na farkon yana sa kowace taga ta ƙara nata a ƙarshen fayil, kada ta danne na 'yar'uwarta. Na biyun yana sa a rubuta kowane umarni da zarar ya gama aiki. In ana so taga ta karanto abin da sauran suka ƙara, history -n zai yi.

Rajista ba kwanan wata kuwa rabin rajista ce. HISTTIMEFORMAT='%F %T ' zai sa kowane layi ya fito da ranarsa da sa'arsa. Daga ranar da aka sa shi ya ke fara gaskiya; layukan da suka riga shi ba su da lokaci a rubuce, don haka kada a gaskata ranar da za a gani a gefensu. Wanda kuma maimaici ya dame shi, HISTCONTROL=ignoreboth zai hana a rubuta layi ɗaya sau biyu a jere, ya kuma tsallake duk layin da aka fara shi da fili.

Wata dabara da mu ke so ƙwarai ita ce yi wa umarni laƙabi. A ƙarshen dogon layi a bar fili a rubuta alamar # da wata kalma, kamar # ajiyarmako. Bash ba ya kula da abin da ya biyo bayan alamar, amma yana rubuta shi a rajista. Bayan wata goma, Ctrl da R da kalmar ajiyarmako sun isa, ko da an mance kowane harafi na umarnin.

Abin da bai kamata ya shiga ba

Fayil ɗin .bash_history rubutu ne a fili, ba a ɓoye komai a cikinsa ba. Duk wanda ya buga kalmar sirri a cikin umarni ya rubuta ta ke nan a rajista, kuma za ta bi kowane kwafin ajiya da aka yi. Mai riƙe da izinin shugaba a kwamfutar yana iya karantawa, haka ma wanda ya tarar da tagar a buɗe mai ita ya fita salla. Hanya mafi kyau ita ce a bar manhajar ta tambayi kalmar da kanta. In ta riga ta shiga, history -d tare da lambar layin zai cire ta daga zaman da a ke ciki. Sa'an nan a buɗe fayil ɗin a duba, in tana can a goge, kuma a canza kalmar sirrin.

Wannan ya kawo mu ga shugabannin ofis da hedimastoci. Tun da mai rajistar yana iya goge layi, ko ya share duka daga zaman da a ke ciki da history -c, ko ya fara umarni da fili kada a rubuta, to, ba shaida ce da za a kama ma'aikaci ko a wanke shi da ita ba. An yi ta ne domin taimakon mai aiki. Kuma inda mutum huɗu su ke shiga kwamfuta da suna ɗaya, rajistarsu a cakuɗe ta ke, !! na wani na iya zama umarnin wani. A ba kowa sunansa na shiga.

Sauran shel

Ba bash kaɗai ke fage ba. Paul Falstad ya rubuta zsh a 1990, kuma tun 2019 shi ne kamfanin Apple ya ke sa wa sababbin masu amfani da kwamfutocinsa. Yawancin abin da muka faɗa yana aiki a can, sai dai sunayen saiti sun bambanta: setopt share_history ke haɗa rajistar tagogi, laƙabin nan na # kuma sai an buga setopt interactive_comments. Shi kuwa fish, wanda ya fito a 2005, tun mutum yana bugawa ya ke nuna masa ragowar layin daga rajista da rubutu mai dishi dishi. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja, fzf, ta Junegunn Choi, wadda in aka haɗa ta da shel sai Ctrl da R ya riƙa nuna jerin layuka da yawa a lokaci guda, ya kuma gane abin da a ke nufi ko an buga gutsattsarin kalmomi a warwatse. Tana da daɗin aiki. Amma muna ba da shawara a fara ƙwarewa da abin da ke cikin bash, gama shi za a tarar a kwamfutar da aka aiki mutum ya gyara, inda ba shi da izinin sa sabon abu.

Saura umarni guda, fc, wanda bash ya gāda daga Korn. In aka buga shi shi kaɗai, zai buɗe umarnin da ya wuce a cikin manhajar gyaran rubutu, kuma da an rufe ta abin da ke ciki ya gudana. In aka buga fc 410 414, layuka biyar ɗin za su buɗe tare. Wanda ya lura kowane mako yana nemo waɗannan layuka biyar, to, daga nan sai ya kwafe su cikin wani fayil na dabam, ya ba shi suna kamar ajiya.sh, ya rubuta a samansa abin da ya ke yi, ya ajiye inda wanda zai gaje shi a kujerar zai gani.